Dabarun da na koya wa 'yar kawuna

Ni ban taɓa cin jarrabawar shiga manyan makarantu ba. Sau biyu na zauna mata, sau biyu na faɗi, kuma duka biyun Turanci ne ya kayar da ni. Gara in faɗi wannan tun farko, domin shekara uku na yi ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake cin ta, ban taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sana'ata fotokofi ce. Ina da ɗan shago a Bolari, kusa da tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai. Inji ɗaya ne da ni, sai janareto da ba ya tashi sai an lallaɓa shi. Duk shekara idan jarrabawa ta gabato, ɗalibai sukan kawo mini littafin tsofaffin tambayoyi in buga musu. Ina tsaye ina juya shafi, idona yana kan takardar. A nan ɓarnar ta fara.

A ɓangaren Turanci akwai wasu tambayoyi da su ne suka fi ba ni wuya lokacin ina ɗalibi. Za a ba ka jimla, a ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata, sannan a jera maka gyara huɗu, A zuwa D, a ce ka zaɓi wanda ya dace. Huɗun kuma kamar 'yan gida ɗaya suke, sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci. Wata rana da babu ciniki na buɗe bayan littafin, inda ake jera amsoshi, na kama ƙidaya da biro. Sai na ga C ta fi sauran yawa. Na ɗauko littafin wata shekara, na ƙidaya, ita ce dai a gaba da kaɗan. Wallahi a ranar ji na yi kamar na kama masu shirya jarrabawar da hannu a cikin tukunya.

Daga nan na ƙara wasu. Na ce gyaran da ya fi gajarta shi ne yawanci daidai. Na ce idan biyu sun yi kama da juna sosai, amsar tana cikinsu. Wannan ta ƙarshe akwai ɗan gaskiya a cikinta, kuma ita ta ruɗe ni, don duk ranar da ta yi aiki sai in manta da ranakun da sauran suka ci amanata. Mafi muni ita ce wadda na fi alfahari da ita: kada ka ɓata lokaci wajen karanta jimlar gaba ɗaya, dubi wurin da aka ja wa layi kawai. Na rubuta su da manyan baƙaƙe a farin kwali, na liƙa a bangon shago, na sa benci biyu. Mai faci ya fara kira na Farfesa. Da wasa ya fara, ni kuwa na amsa da gaske.

Shekarun tashin hankali ne. Da la'asar muke darasi, saboda kowa yana so ya isa gida kafin a rufe hanya. In tayar mota ta fashe a tasha sai yaran su watse, in bi su ina kira. Ba a shiga ko'ina da jaka. Masallacin Juma'a ma sai an laluba ka a ƙofa. A cikin wannan yanayi 'yar kawuna ta iso gidana a Kumbiya-Kumbiya, daga wani gari can gabas da aka kai wa hari. Mijinta bai fito ba. Abin da ta fito da shi takardunta na sakandare ne, a cikin leda, ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin zane.

Taubasai muke da ita, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. In na zo garinsu da sabuwar hula sai ta tambaye ni gawar wa na kwaɓe wa. Hamma take ce mini, wato yaya, amma yadda take jan kalmar kowa ya san ba girmamawa ba ce. To da ta zo wannan karon, ba wasa ko ɗaya. Gaisuwa a durƙushe, magana a hankali. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai, ban yi tunanin komai ba.

Shekara shida ta yi tana taimaka wa masu karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a garinsu, ba tare da takardar aikin ba. Burinta ta shiga makarantar unguwarzoma ta samu takardar. Makarantar kuwa tana da iyakar shekarun da take ɗauka, kuma a lissafi wannan shekarar ce ta ƙarshe gare ta. In ta wuce, ta wuce ke nan. Duk gidan mun san haka, ni ma na sani. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, Allah ya kawo ta gidan mai abin.

Ranar farko da ta zauna a bencin shago na ga tana wani abu da ya ba ni haushi. Ta yago ɗan kwali daga kwalin takarda, ta rufe amsoshin huɗu da shi. Sai ta karanta jimlar daga farko har ƙarshe, leɓɓanta suna motsi, murya ƙasa-ƙasa. Ta sa yatsa ta nemo wa ake magana a kansa, ɗaya ne ko da yawa, yaushe abin ya faru. Ta faɗi gyaran da kanta tun ba ta ga amsoshin ba. Sannan ta ɗaga kwalin, ta soke waɗanda ta tabbata ba su ba ne, ta ɗauki wanda ya rage ta mayar cikin jimlar, ta sake karantawa tun daga farko. Tambaya ɗaya! Mu kuwa mun yi biyar.

Na ce, "Wuridi kike yi ko jarrabawa?"

Ta ce, "Haka aka koya mini, Hamma."

Wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Tangale, wadda 'yar kawuna ta yi aiki a ƙarƙashinta, ta koya mata. Kullum in ta rubuta rahoton marasa lafiya, matar sai ta dawo mata da shi ta ce ta karanta a fili, ta gano kuskurenta da kanta. Na ce wannan ai asibiti ne, nan kuwa agogo ake tsere da shi.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne amsoshinta suna fitowa daidai. Wata la'asar muka zo kan wata tambaya, na nuna kwalin bango na ce D, ga ta nan ita ce mafi gajarta. Yaran suka rubuta D. Ita kuwa na ga B a takardarta. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya buɗe bayan littafi ya ce, "Malam, B ce fa." Aka yi 'yar dariya. Har mai faci ya leƙo yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Farfesa, an ci ka da ɗaya ke nan?"

Ga abin da na yi, kuma Allah yana gani ba zan rage ba. Na ce littafin ne yake da kuskuren bugu, ai ni na fi kowa sanin aikin masu buga littattafai. Sannan na miƙa hannu na karɓe ɗan kwalin nata, na jefa a kwandon shara. Na ce daga yau ba gunaguni a ajina, ba rufe amsa, wanda yake so ya ci ya bi bango.

Ta ce, "To, Hamma."

Shi ke nan abin da ta ce. Ita da in da a da ne sai ta wanke ni tas a gaban mutane.

Matata ce kaɗai ta yi mini magana, ita ma a ɗaki. Ta ce, "Malam, kai da kake hana ta nata, sau nawa naka ya cishe ka?"

Na ce, "Lokacin ban gano sirrin ba."

Ta ce, "To ka koma ka zauna mana, tunda yanzu ka gano. Sai mu sha biki."

Na ce mata aikin mata ne surutu a kan abin da ba su sani ba. Na fita ban ci abincin ba, na je na sayi wainar da ba ta kai tata daɗi ba.

Wata uku na yi ina horar da 'yar kawuna a kan dabaruna. Ina riƙe da agogon waya, ina ƙwanƙwasa benci. In na ga leɓɓanta sun fara motsi sai in yi gyaran murya. In idonta ya koma farkon jimla sai in ce, "Layi, layi kawai!" Ta yi sauri kuwa, har ta fi kowa. Amsoshin ne suka lalace. Ni kuma na ce sabo ne bai kama ba tukuna.

A shekarar an riga an mayar da jarrabawar ta kwamfuta. Saura kwana goma sha biyu na kwashi ɗalibaina zuwa unguwar Dawaki, wurin wani tsohon ɗan ajinmu da ya buɗe ɗakin kwamfutoci, inda ake gwajin jarrabawar kamar da gaske. Shi ya san tarihina sarai, tare muka je duba sakamako a karo na biyu. Da ya gan ni da ayari sai ya ce, "Ikon Allah. Wanda ruwa ya ci shi ne yake koyar da iyo yanzu?"

Na ce ya rufa mini asiri. Ya ce ai a rufe yake, shi dai kallo zai yi.

Aka zaunar da su. Ni ina tsaye a baya, hannu a goye, ina zagayawa kamar mai duba gona. Sai idona ya faɗa kan allo biyu da ke kusa da juna, na 'yar kawuna da na wata yarinya. Tambaya ɗaya ce a gabansu, jimla ɗaya, layi ɗaya. Amma gyaran da ke C a wannan allon, a wancan A yake. Na matsa na duba na uku, yana D.

Na ja abokina gefe na ce injinsa ya lalace.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Gauraya su yake yi kamar karta, kowa da nasa jeri, don kada a leƙa na maƙwabci. Haka za su tarar ranar jarrabawa." Sai ya dube ni da kyau, ya fashe da dariya. "Kai, kada dai ka ce mini har yanzu kana nan da C ɗin nan taka?"

Na ce a'a, wannan ai ƙaramar dabara ce a cikin dabaruna.

Amma na san ba ƙarama ba ce. Ita ce tushen, a kanta na gina sauran, kuma a tsaye a wurin na gane cewa sauran ma ƙidaya ce kawai, ba sani ba. Ban taɓa iya gaya wa ɗalibi dalilin da ya sa amsa ta zama daidai ba. Da sakamakon gwajin ya fito, 'yar kawuna ta yi kyau a darussan kimiyya, Turanci kuwa ya zube. Ta dube ni. Na ce hannunta ne bai saba da ɗan linzamin kwamfutar ba.

Kwana goma sha biyu suka rage. Da na yi magana a ranar, da sun ishe ta ta koma hanyarta ta saba da agogo. Wannan shi ne laifina na gaske, ba jahilcin ba. Jahilci kowa yana da nasa. Ni na gani da idona, na yi shiru.

Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. Ranar farko janareto ya ƙi tashi, na ce raina a ɓace yake, sai gobe. Wata rana aka yi jita-jitar an ga wata mota, aka rufe hanyar tasha, na ji daɗin samun dalili. Wata rana har na buɗe baki a tsakar gida, sai mahaifin wani ɗalibi ya yi sallama, ya zo yi mini godiya, yana ta Malam kaza Malam kaza. Na koma ciki da kaina a kumbure, na ce wataƙila ma injin jarrabawar ba irin na Dawaki ba ne. Ina sane da cewa ƙarya nake yi wa kaina. Kwalin yana nan a bango, ni kuma ina ci gaba da ƙwanƙwasa benci.

Ranar jarrabawa na raka ta. Keke mai ƙafa uku ya sauke mu da nisa, don ba a barin abin hawa ya matso kusa da wurin. Muka taka, muka wuce shingen sojoji hannu a sama, muka isa inda aka raba layi, maza nan mata can, ana laluba kowa. Ba jaka, ba waya, ba ko biro na kanka. Ta miƙo mini ledarta in riƙe. Saura mutum biyar a gabanta abin ya taso mini, na kasa haɗiye shi.

Na ce, "Ji nan. Abin bangon nan, ki manta da shi. Injin yana gauraya amsoshin. Ki yi yadda kika saba a da."

Ta juyo gaba ɗaya. Ta ce, "Yaushe ka sani?"

"Ranar Dawaki."

"Ranar Dawaki." Ta maimaita a hankali. "Shi ne sai yanzu, Hamma? A bakin ƙofa?"

Na ce, "Ni ma ban taɓa cin ta ba. Sau biyu."

Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba. Wa ya tambaye ni? Mutum zai shiga jarrabawar da rayuwarsa ta rataya a kanta, ni kuma na zaɓi lokacin in sauke kayana a kansa don in ji sauƙi. Mai laluben ta daka mata tsawa ta matso, ta matsa, ba ta sake waiwayowa ba. Na koma gindin wata darbejiya inda iyaye suka taru, soja ya zo ya kore mu, muka koma wata, ya sake korar mu.

Da ta fito muka shiga keke. Ta ce da farko ta bi bango, don hannunta ya riga ya saba. Da ta kai tsakiya ta kasa, ta sa tafin hannu ta rufe amsoshin a jikin allo, ta fara karantawa. Mai gadin jarrabawa ya zo ya ce ta cire hannu, ta kuma rufe baki. Ta koma karantawa a zuci, abin da ba ta taɓa gwadawa ba. Tana cikin haka agogon allon ya ƙare, da sauran tambayoyi a gabanta ba ta taɓa su ba.

Sakamako ya fito. Maki kaɗan ya rage ta kai abin da makarantar take nema, kuma Turanci ne ya ja ta ƙasa. Na je makarantar da kaina har sau biyu, na roƙi wani ma'aikaci a kan maganar shekaru. Ya ce in da zai ɗaga wa kowa da ya gudo daga gabas ƙafa, da babu sauran doka. Ban ga laifinsa ba.

Kwana uku ba mu haɗa ido ba. A na huɗu na same ta tana wanki a tsakar gida, na tsuguna nesa kaɗan, na ce ta yafe mini.

Ta ci gaba da cuɗa rigar. Can ta ce, "Ai tun ranar farko na san abin bangon nan ba karatu ba ne. Kuma na san ba ka ci ba. Baba ne ya saya maka fom na biyu, ka manta?"

Na manta kuwa. Na ce, "To don Allah me ya hana ki magana? Ke da bakinki ba ya shiru?"

Ta ce, "A gidanka nake, Hamma. Tuwonka nake ci. Da wane baki zan ce maka ba ka iya ba a gaban ɗalibanka?"

Sai na ji haushi ya kama ni, kuma ita na ji wa. Na tashi tsaye ina faɗa: wane irin kawaici ne wannan, mutum ya bar makomarsa ta lalace don kada ya ɓata wa mai masauki rai? Matata ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, "Malam, gafara ka zo nema ko shari'a?" Na dubi kaina a tsaye ina nuna yatsa, na koma na tsuguna. Wata uku yarinyar nan tana ce mini "to", ita da ba ta taɓa ce mini "to" ba tun muna yara, ni kuma ina ɗauka ta ga haske ne. Ranar da na jefar da ɗan kwalinta ba ta rama ba, ranar ya kamata in tsorata.

Washegari na ɓamɓare kwalin bango. Na tara ɗaliban da suka rage na gaya musu komai, har da sau biyun. Wasu suka tashi a take, ɗaya ya ce dama shi ya ga alama. Mai faci ya ce, "To yanzu me za mu kira ka?" Na ce ya kira ni mai fotokofi. Bai daina Farfesa ba har yau, sai dai yanzu duk Bolari sun san yadda yake nufi.

Benci biyun suna nan. 'Yar kawuna ce take zuwa ranar Asabar ta koyar, ni nawa in buga takardu in yanka ƙananan kwalaye in raba. Tana sa su karanta jimla duka, su nemo gyaran kafin su ga amsoshi, su soke na banza, su mayar su sake karantawa. Ta ƙara abu biyu da ta koya a ranar nan: a yi karatun a zuci, kuma a yi shi da agogo tun daga makon farko. Wani lokaci nakan ɗauki takarda ɗaya in zauna a bayan inji in gwada. Ina samun fiye da rabi yanzu.

Aiki kuwa tana yi a wani ƙaramin asibitin haihuwa a unguwarmu, mataimakiya, yadda take a da. 'Yan matan da ta girme su da shekara goma suna zuwa da farin kaya da takarda, su aike ta ɗebo ruwan zafi, in haihuwa ta yi gardama kuma ita suke kira. Takardar ba za ta same ta ba. Duk ranar da na gan ta da shuɗin kayan mataimaka nakan tuna kwana goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya.

Sai da aka shekara biyu sannan ta sake yi mini wasa. Ranar Salla ce, na fito da sabuwar shadda, matata ta jera kwanuka huɗu a tabarma. Na tsaya ina tunanin wanda zan fara buɗewa. 'Yar kawuna tana zaune a bakin ƙofa tana sa wa 'yata ɗankunne, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗauki na uku mana, Hamma. Ai ba ya kuskure."

Na buɗe na ukun. Ruwan wanke hannu ne.